LAFIYA UWAR JIKI: Ana iya maida tsohon jini sabo?



Yau filin nan ya ɗauko maganar jini. Ga dalili. Daga Sabon Gari na Maradi har kasuwar Tibiri da garaken Jiratawa, ana ganin masu talla suna yawo da wani gari cikin ƴan fakiti, ko ruwa cikin kwalba. Suna cewa wai yana sabunta jini, yana maida tsoho yaro, yana kashe amosanin jini har saiwa. Suna kafa hujja da rediyo, wai an faɗi cewa Turawa sun gano gyaran jini. Sai mutum ya sayar da akuya, ko ya auna hatsin gidansa ya kai kasuwa, don ya saya wa ɗansa marar lafiya.

Gaskiya ne masana sun yi nisa kan gyaran jini. Amma abin da suka gano daban, abin da ke cikin fakiti daban. Ga bayanin daki-daki.

INA AKE YIN JINI?

A cikin ɓargo ake yin jini. Akwai farin ɓargo mai kitse, irin wanda ake tsotsa a ƙashin ƙafar rago. Akwai kuma jan ɓargo, wanda ke cikin ƙashin ƙugu, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji, da gadon baya. Jan ɓargo shi ne gonar jini.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5. A cikinsa akwai ƙwayoyi iri uku, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Jajaye suna ɗaukar iska daga huhu su kai ko'ina cikin jiki. Farare su ne sojan jiki, suna yaƙi da cuta. Na uku su ne ke tsaida jini idan mutum ya yanke.

Jar ƙwaya ba ta wuce kwana 120 sai ta mutu. Don haka ɓargo ba ya hutu. Cikin sakan ɗaya, wato kamar ƙiftawar ido, yana fitar da sababbi wajen miliyan 2.

Daga ina suke fitowa? Daga waɗansu ƙwayoyi kaɗan da za a iya kira uwayen jini. Su ne iri. Kowane manomi ya san ba a cin iri, ana ware shi don shukar baɗi. Haka uwar jini take. Idan ta rabu, wani rabo ya tafi ya zama jini, wani ya zauna cikin ɓargo ya ci gaba da zama uwa. Da haka suke riƙe mutum tun daga haihuwa har ƙarshen kwanansa.

LITTAFIN DA KE CIKIN ƘWAYA

Cikin kowace uwar jini akwai rubutu, kamar yadda yake cikin kusan kowace ƙwaya ta jiki. Masana suna kiransa DNA. Lokotoron da ya yi karatu da Faransanci zai ce ADN. Littafin halitta ke nan. Baƙaƙensa huɗu ne tak: A, C, G, T. Amma an jera su har wajen miliyar 3, wato miliyan dubu 3. Kowane mutum yana da littafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san aikin baƙi ɗaya. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. "Baki" daban, "baƙi" daban. To, amosanin jini, wanda a likita ake ce wa emasi, a Najeriya kuma sikila, daga baƙi ɗaya ya taso. A shafin da ke koya wa jiki yin jan sinadarin jini, mai suna emogulobin, wani A ya koma T. Shi ke nan. Wanda ya gaji wannan kuskure ta wajen uba da ta wajen uwa, jajayen ƙwayoyinsa suna lanƙwashewa kamar lauje. Suna toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya tashi. Kuma ba sa yin kwana 120, cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Shi ya sa yaron kullum jininsa a ƙasa yake.

Yanzu ga tambaya. Ƙwayar ido, da ta hanta, da ta ɓargo, duk littafi ɗaya suke riƙe. Me ya sa aikinsu ya bambanta? Don kowace tana karanta shafukanta ne kawai, sauran a rufe suke. Cikin abubuwan da ke rufe shafi akwai wani ɗan ɗigo da masana ke kira metil. Yana hawa kan baƙin C, galibi inda G ke bin sa. Wuraren da zai iya hawa sun kai wajen miliyan 28. Idan ɗigo ya taru a bakin shafi, sai shafin ya yi shiru.

Wanda ya yi karatun allo ya san wasali. Baƙi yana nan yadda yake, amma abin da aka ɗora masa ya sa karatu ya sake. Ko a ce kwaɗo ne a ƙofar rumbu. Hatsi na ciki, bai ɓace ba, sai dai ba a ɗiba. Kwaɗo kuwa ana iya sa shi, ana iya cire shi.

JINI MA YANA NUNA SHEKARU

Makiyayi ba ya neman takardar haihuwar sa. Baki yake buɗe masa. Idan ya ga manyan haƙora biyu, ya san ya kai shekara biyu. Idan takwas sun cika, ya san ya gama girma.

Ashe jini ma yana da nasa haƙoran. Yayin da mutum ke tsufa, ɗigo yana ƙaruwa a waɗansu wurare, yana raguwa a waɗansu. A 2013 wani masani mai suna Steve Horvath, na jami'ar Kalifoniya a Amurka, ya ware wurare 353. Ya nuna idan aka auna ɗigon wuraren nan, ana iya faɗin shekarun mutum, kuskuren yakan kai wajen shekara 3 ko 4. Aka sa wa wannan awo suna agogon jiki.

Agogon kowa ba ya tafiya daidai da na wani. Mutum biyu sa'o'in juna, sai a ga na ɗaya ya yi gaba. An lura cewa, idan aka ɗauki mutane da yawa, waɗanda agogonsu ya yi gaba sun fi saurin gamuwa da cututtukan tsufa.

Zaman duniya yana taɓa ɗigo. A 2005 masana a Sifen sun auna tagwaye masu kama ɗaya. Ƴan shekara 3, ɗigon Hasan da na Husaini kusan ɗaya ne. Ƴan shekara 50 kuwa sun bambanta ƙwarai, musamman waɗanda suka daɗe ba su zauna wuri ɗaya ba. Sigari ma tana barin sawunta a ɗigon jini. Idan mutum ya bar sha, da yawa daga cikin wuraren suna komawa daidai sannu a hankali.

Labarin da ya fi shafar manoma daga Gambiya ya fito. A ƙauyukan yankin Keneba, mutane suna cin abin da suka noma, damina kuwa lokacin yunwa ce da aiki mai tsanani, kamar nan. A 2010 da 2014 masana sun bayyana cewa ƴaƴan da aka ɗauki cikinsu da damina, ɗigonsu a waɗansu wurare ya bambanta da na waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani. Sun kuma ga bambancin yana bin abin da ke cikin jinin uwa na abinci mai gina jiki a lokacin ɗaukar cikin. A ƙasar Holan an yi yunwa lokacin yaƙi, a 1944 zuwa 1945. A 2008 aka auna waɗanda aka ɗauki cikinsu cikin yunwar. Bayan shekara 60, sawun yunwar yana nan a jininsu. Jihar Maradi, wadda ta ga 1973, da 1984, da 2005, ba ta bukatar a gaya mata mece ce yunwa. Abin lura shi ne, abincin mace yana yi wa ɗa aiki tun kafin a san akwai ciki.

IRI YANA RAGUWA DA TSUFA

Manomi mai hankali ba ya dogara da iri ɗaya. Yana da zango, yana da mai saurin nuna irin HKP, yana da dawa da wake. Idan ruwa ya yanke ko tsutsa ta faɗa wa ɗaya, wani ya tsira.

A 2022 masana a Kembirij ta Ingila sun ƙidaya uwayen jini. Ga wanda bai kai shekara 65 ba, uwaye 20,000 zuwa 200,000 ne ke raba aikin tsakaninsu. Ga wanda ya wuce 70, sai suka ga dangi 10 zuwa 20 kawai suna ba da kusan rabin jini. Akwai wata tsohuwa ƴar Holan da ta rasu a 2005 tana da shekara 115. Da aka duba jininta, aka ga mafi yawan fararen ƙwayoyinta daga uwa biyu suka fito.

Waɗanne uwaye ke mamaye gonar? Sau da yawa waɗanda suka sami kuskure ne a shafin da ke kula da sa ɗigo, ko shafin da ke kula da cire shi. A 2014 an gano cewa wajen mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka wuce shekara 70 suna da irin wannan. Mafi yawansu lafiya lau suke zama. Amma haɗarin sankarar jini da ciwon zuciya ya fi yawa gare su. Wannan ya sa masana suke tunanin ko gyara ɗigo zai taimaki tsohon ɓargo.

GYARA NA FARKO: ALMAKASHI

Iyayen mai amosanin jini sun san wani abu. Ranar suna jariri lafiyayye ne. Sai ya kai wata 6 ko fiye, hannu da ƙafa su fara kumbura, ya yi ta kuka. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne ko baki. Dalilin yana cikin littafi. Ɗa a ciki yana amfani da wani emogulobin dabam, wanda ake kira F. Shi ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa, jiki yana rufe shafin F a hankali, ya buɗe shafin manya. Ga mai amosanin jini, shafin manya ne ke da kuskure. Shafin F kuwa lafiya lau yake, a rufe ne kawai.

Sai masana suka ce, to, a sake buɗe shi mana. A 1982, a Shikago ta Amurka, an ba gwaggon biri wani magani mai goge ɗigo, F ya tashi. An gwada ga mutane kaɗan, nan ma ya tashi. Amma maganin ba ya zaɓe, yana goge ɗigo ko'ina, ga shi da dafi. Bai dace a yi ta ba yaro har abada ba.

A 2012 mata biyu, Emmanuelle Charpentier ƴar Faransa da Jennifer Doudna ƴar Amurka, suka fito da wani almakashi mai suna Kirispa. Ana gaya masa wurin da ake so cikin littafin, ya je can ya yanke. Sun sami lambar Nobel a 2020. A 2019 aka yi wa wata mata mai amosanin jini aiki da shi a Amurka, sunanta Victoria Gray.

Ga yadda ake yi. A ɗebo uwayen jinin marar lafiya. A kai su ɗakin gwaji, a yanke wurin da ke sa a rufe shafin F. A ba marar lafiya magani mai ƙarfi wanda zai kashe tsofaffin uwayen da suka rage cikin ɓargo. Sa'annan a maida masa gyararrun. Cikin mutum 31 da aka bi sawunsu, 29 sun yi shekara guda cur ba su yi babban tashin ciwo ba. Ingila ta yarda da wannan magani a watan Nuwamba 2023, Amurka a watan Disamba. Sunansa Casgevy.

Amma a ji sauran labarin. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maradi mai tamma biyar ba. Da kuɗin ƙasar nan ya haura jikka miliyan ɗaya, don mutum ɗaya. Ga kwanciya ta makwanni a asibiti. Ga maganin share ɓargo, wanda ke zubar da gashi, yana kuma iya hana haihuwa.

GYARA NA BIYU: BA YANKA

Yanka yana da haɗari. Almakashi yana iya kuskure wuri, abin da aka yanke kuma ba ya komawa. Sai masana suka dakushe bakin almakashin. Yana nan yana gane wuri, amma ba ya yanka. Suka ɗaura masa ko dai alƙalami mai sa ɗigo, ko magogi mai cire shi. Baƙaƙen littafi ba a taɓa su.

A 2021 a Amurka an nuna cewa ɗigon da aka sa ta wannan hanya yana zama, ko da ƙwaya ta rabu sau ɗaruruwa. A 2025 masana na Sidni ta Ostareliya, tare da na asibitin St. Jude a Amurka, suka goge ɗigon da ke bakin shafin F cikin ƙwayoyin jinin mutum. Shafin ya buɗe. Suka maida ɗigon, ya rufe. Wannan ya tabbatar ɗigon shi ne kwaɗon kansa. A 2025 ɗin kuma, masana a Ahen ta Jamus suka taɓa ɗigon shekaru cikin fararen ƙwayoyin jini. Suka ga idan an taɓa wuri ɗaya, waɗansu wuraren shekaru ma suna motsi.

Duk ayyukan nan biyu na 2025 cikin kwalbar gwaji aka yi su, ba cikin jikin marar lafiya ba. Kuma juya hannun agogo ba ya maida rana baya. Wanda ya rina gemu ya ɓoye furfura, gwiwarsa na nan da shekarunta. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana maida jinin tsoho na yaro.

Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Aikin da sai an ɗebo ƙwayoyin mutum, an gyara su, an share ɓargo, an maida su, shi ne zai shiga fakiti a sayar a tashar mota? Duk ƙwayar da aka haɗiya, ciki yana narkar da ita kamar tuwo. Mai talla ya ɗauki labarin gaskiya ya manna wa hajarsa. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

ABIN DA KE HANNU YAU

1. Awon jini kafin aure. A wannan yanki, wajen mutum 1 cikin 4 ko 5 yana ɗauke da S guda. Ana ce masa AS. Shi ba marar lafiya ba ne, S ɗin ma yana kare shi daga mugun zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya yawaita. AS ya auri AA, ba za su haifi SS ba. Amma AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zama SS. Kowane ciki da nasa rabo, ba a cewa an haifi ɗaya sauran uku sun tsira. Akwai kuma C, wanda idan ya haɗu da S shi ma ciwo ne. A yi awon tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, musamman a auren zumunci. Jihar Kano ta maida awon nan doka a 2024.

2. Kula da yaro SS. Ya sha ruwa da yawa. A rufe shi daga sanyin hunturu da dukan ruwan sama. Ya kwana cikin gidan sauro. A cika masa allurar rigakafi. Jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ranar nan, kada a jira gobe. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga, jininsa bai isa a zubar ba.

3. Akwai ƙwaya mai suna hidroksiyuriya, wadda ke ƙara F cikin jini, tana rage tashin ciwo. An gwada ta ga yara a Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo yana taimakawa wajen kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Lokotoro ne kaɗai ke rubuta ta, tare da awon jini a kai a kai. Ba a sayenta a tebur. A tambaya a babban asibitin Maradi. A Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta amosanin jini.

4. Ba da jini. Wasu suna tsoro, wai jinin da aka ɗiba ba ya dawowa. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba. Uwayen jini suna cike gurbinta cikin ƴan makwanni. Da damina, yara da yawa suna kwance don zazzaɓi ya shanye musu jini, masu amosanin jini ma suna jira. Lafiyayyen namiji ko mace ya ba da, ya ceci rai.

5. Abincin mata. Amarya da mai ciki su sami wake, gujiya, zogale, madara, da ƙwai idan da hali, musamman daga bazara zuwa kaka. Mai gida ya tuna da wannan ranar da zai buɗe rumbu don sayarwa. A je awon ciki da wuri, a sha ƙwayar ƙarin jini har ta ƙare.

6. Tsofaffi. Idan tsoho ya yi fari fat, yana haki, yana yawan gajiya, kada a ce tsufa ne kawai. A kai shi a auna jini. Mai shan sigari kuma ya bari. Wannan gyaran ɗigo ne da ba a biyan ko tamma.

Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar amosanin jini ta duniya. Ya kamata kowane aji na yaƙi da jahilci ya tattauna maganar awon aure kafin ranar ta zo, a gayyato limami da mai gari su zauna.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, maza a dandali, mata a cikin gida. Mai tambaya ya rubuta da hannunsa, ya ba malamin ajinsu ya aiko wa jarida. Allah ya ƙara lafiya. Sai wata mai zuwa.